Ranar da Belbela Ta Sauka a Bayan Barde

A Unguwar Kaɗanya, can bayan Dangora, kowa ya tsufa ban da Baba Labaran. Shi da bakinsa ya faɗa, kuma ba sau ɗaya ba. Sa'o'insa duk sun rusuna, wasu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu, amma shi a nasa ganin yana nan yadda yake ranar da ya kai lefen Hajara.

Duniya ce dai ta lalace. Matakalar masallaci, magina sun ƙara mata tsawo ba tare da sun yi shawara da kowa ba. Shanun yanzu namansu kamar fatar kirgi. Yaran zamani kuwa ba su iya magana ba, sai ƙus-ƙus a maƙogwaro, sai ka ce musu "Iye?" sau uku. Da ɗansa Idris ya lallaɓa shi ya kai shi asibitin ido a Kano, ya dawo yana ta faɗa, wai likita ya rubuta haruffa kamar ƙwan kiyashi don ya ci mutuncinsa. Tabaraun da aka ba shi ya cusa a gwangwanin madara ya ɗora kan katanga. Akwai kuma wata sandar gora mai jan zare a wuya da yake dogarawa idan babu mai kallo. Duk wanda ya ritsa shi da ita, sai ya ce ta macizai ce.

Shekararsa saba'in da huɗu a ƙidayar Inna Hajara. A tasa ƙidayar, hamsin da 'yan kai.

"Malam, 'yan kan nan naka sun isa aure," in ji ta.

To, a Unguwar Kaɗanya akwai al'ada. Duk damina, idan shuka ta kai tafin hannu, ana yi wa gonar Liman gayyar noman farko. Mai riƙe da garmar gaba, wata tsohuwar garma mai tuntu a ƙota, shi ake kira Barde. Shi ke kama kunyar farko ta jikin suri, shi makaɗi ke yi wa kirari, kuma ranar da wani ya riga shi fita ƙarshen kunya, ranar zai miƙa garma ya koma gindin kaɗanya wajen dattawa. Shekara talatin da ɗaya garmar tana rataye a ɗakin Labaran.

Abin da shi kaɗai bai sani ba shi ne, shekara goma ke nan samari suna ɗaga masa ƙafa. Da zarar sun ga za su wuce shi, sai wannan ya tsaya ɗaure wando, wancan ya zauna cirar ƙayar da ba ta soke shi ba. Bara sai da mutum ashirin suka yi cirko-cirko suna kallon hadarin da babu shi, har Barde ya ja jiki ya isa. Gonar da ake gamawa da hantsi, aka kai la'asar ba a ci rabinta ba.

Don haka bana Mai Unguwa ya tara mutane a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, ya yi ta kewaye-kewaye, daga bisani ya ce, "Barde, ka yi mana hidima, Allah ya saka. Mun ce ko za ka huta. Ga inuwa, ga buzu, kai za a fara miƙa wa fura."

"Ranka ya daɗe, wa ya mutu?"

"Babu wanda ya mutu."

"To me ya sa ake rabon gadona? Inuwa ta tsofaffi ce. Ni da na nome gonar Tudun Wada tun daga bakin kasuwa har sai da wani Bafulatani ya tare ni ya ce na shigo Doguwa?"

"Bara a Bebeji ka ce," in ji Rufa'i makaɗi.

"Ita ma na nome ta." Ya juya ga samari, ya auna wani ƙato mai suna Mujitaba, ko da yake wurin da ya nuna da yatsa turken jaki ne. "Waɗannan? 'Ya'yan maganin feshi? Hannu kamar na amarya, ba su san komai ba sai shafa waya. Duk wanda ya sha nonon uwarsa ya ƙoshi, ya wuce ni ranar Lahadi."

Mujitaba ya durƙusa. "Baba Barde, da gaske in yi?"

"Idan ka tsaya ɗaure wando bana, ban yafe ba."

Mai Unguwa ya ce kowa ya shaida.

Sai da Labaran ya koma gida ya zauna, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar ana karya kara, sannan maganar ta fara yi masa nauyi. Amma Labaran ba ya rasa dabara. Ranar Asabar bayan la'asar, lokacin da mutane suka watse daga gonaki, ya saɓa fartanya ya ɗauki sandar macizai.

"Ina zuwa, Malam?"

"Zagaye."

"Da fartanya?"

"Hajara, kin cika bincike kamar 'yar sanda."

"To ɗauki tabaraun nan ko ka ga abin da kake zagayawa."

Bai ko waiwayo ba. Shirinsa mai sauƙi ne. Tunda kunyar jikin suri tasa ce, zai nome ta tun yau, ƙasa ta yi laushi, sannan ya mayar da ciyawar ya tsattsayar da ita kamar ba a taɓa ba. Gobe sai dai ya bi yana shafa garma a kai, ya fita ƙarshe kafin Mujitaba ya tofa yawu a hannu.

Ya bi hanya har ya hango wani jan abu tsaye. Ya laluba, suri ne. Ya yi bisimilla ya duƙa. Ciyawar ta ba shi mamaki don ladabi: a jere take, taki ɗaya-ɗaya, sara guda ta faɗi. Shukar kuwa ta yi kyau ƙwarai, cunkus ko'ina, ya yi ta kewaye ta yana tara mata ƙasa a gindi yana sa wa Liman albarka. Da ya kai ƙarshe ya dawo da rarrafe, yana soka abin da ya sare a ƙasa ɗaya bayan ɗaya. Yana cikin haka ya ji kiran magariba, ya zabura ya nufi gari da fartanya a kafaɗa, yana dariya shi kaɗai.

Da safe gidan ya kaure.

"Wa ya ɗauke min sanda?"

"Wace sanda? Ai ba ka da sanda," in ji Hajara.

"Ta macizai!"

"Wataƙila macizan sun zo sun karɓi abarsu."

Ya yi ƙwafa ya shige ɗaki. Can sai ga shi ya fito, Hajara ta saki muciya ta yi salati. Gemun da ya kwana fari fat ya koma baƙi wuluk, yana ƙyalli. Baƙin tukunyarta ya kankare ya kwaɓa da man kaɗe. Ƙugunsa kuma ya yi wani irin tsukewa, don ya naɗe shi tamau da robar tayar keke a ƙarƙashin taguwa, wai kada baya ya yi masa gardama.

"Malam, numfashi fa?"

"Na yi wanda zai ishe ni tun da asuba."

Idris ya buɗe baki, uwar ta girgiza masa kai. Da suka fita, ta sauko da gwangwanin madara daga kan katanga ta ƙulle a bakin zane.

Gonar Liman ta cika. Samari sun jeru, kowa da kunyarsa, dattawa suna gindin kaɗanya, mata suna sauke ƙoren fura. Can gefe shanun Ja'e, Bafulatanin da ke maƙwabtaka da Liman, suna kiwo, belbelu na bin su. Idris ya kama hannun riga ya kai uban jikin suri. Labaran ya ɗan ji kamar hanyar yau ta fi ta jiya tsawo, amma ya ce a ransa ai hanyoyin yanzu ba su da alƙawari.

Rufa'i ya saki ganga. "Barde na Hajara! Sa ƙasa kuka! Mai nome gona ya tambayi ta wace ce!"

Labaran ya ɗaga garma sama, tuntu na rawa. "Rufa'i, gaya musu na ba su rata. Su yi gaba. Ba zan sa ƙarfe a ƙasa ba sai sun ci rabi."

"Barde, a yi haka?" in ji Mai Unguwa.

"Ranka ya daɗe, tausayi ne. Iyayensu na kallo."

Samari suka duƙa, ƙura ta tashi. Shi kuwa ya tsaya yana gaisawa da jama'a, yana tambayar Ja'e lafiyar shanu, har da neman goro. Sai da aka ce masa Mujitaba ya wuce rabi, sannan ya tofa yawu a tafi, ya ware ƙafa, ya kai wa ƙasa ɗan shafa mai sauƙi.

Garma ta yi tsalle ta dawo.

Ya sake. Ta sake dawowa. Ya sa hannu ya laluba: ƙasa tauri kamar daɓe, ciyawar kiri-kiri ta yi saƙa a kai. Ya ja wata ciyawa don ya ga ko ta jiya ce, ciyawa ta ce ba ta san zancen ba.

"An yi min sammu," ya faɗa a hankali. "Ƙasa ta warke."

"Me ka ce, Barde?" in ji Rufa'i.

"Na ce ƙara wuta!"

Ganga ta ƙara wuta. Labaran ya tattara duk abin da ya rage masa tun na zamanin samartaka, ya ɗaga garma har bayan ƙeya, ya kafta. Ta nutse. Ya ja, ta ƙi. Ya ja da ƙarfi.

Ƙas!

Har dattawan gindin kaɗanya sai da suka ji, ɗaya ya ɗaga kai yana duba ko reshe ne. Labaran ya tsaya a duƙe, baya a shimfiɗe kamar benci, hannu biyu a ƙota. Ya ce wa bayansa tashi. Baya ya yi shiru.

"Baba, lafiya?" in ji Idris.

"Ƙasa nake karanta."

"Me ta ce?"

"Ba a katse mai karatu."

Rana ta ɗaga. Man kaɗe ya fara narkewa. Baƙin ruwa ya bi gemu yana ɗiga tsakanin ƙafafunsa, ɗis, ɗis, gemu na komawa fari daga sama kamar ana yaye masa mayafi. Wata mata ta ƙwalla ƙara, wai jinin Barde ya ƙone. Wata ta ce a'a, tsufa ne ke fita. Wata akuya ta ji ƙanshin mai, ta zo ta tsaya a gabansa ta fara lasa, ga shi ba hannun kora, don in ya saki ƙota sai ƙasa.

"Kai! Wane mara tarbiyya ne wannan?"

"Akuyar Liman ce, Barde."

"To a gaya wa Liman."

Ana cikin haka wata belbela ta baro shanun Ja'e, ta yi shawagi, ta duba duk filin ba ta ga bayan da ya kai wannan faɗi da natsuwa ba. Ta sauka. Ta taka zuwa kafaɗa, ta dawo ƙugu, ta tsaya da ƙafa ɗaya.

Gangar Rufa'i ta sarƙe. Samari suka yar da garemani, wayoyi suka fito. Liman ya sa hannun riga ya toshe baki yana istigfari, kafaɗunsa na rawa.

"Wa ya dafa ni?" in ji Labaran. "Na ce ba na son taimako!"

Ja'e ya matso, ya kewaya shi sau biyu yana taɓa haƙarƙari. "Wallahi Barde, tsuntsuwar nan ba ta sauka kan saniyar banza. Amma in bijimi ya yi haka, wutsiya muke murɗawa."

"Murɗa ta ubanka!"

"A rataye shi a kaɗanya ta hammata, nauyinsa ya miƙar da shi," in ji wani.

"A kira maɗori."

"Maɗori ya tafi Ɗansoshiya biki."

"A kwantar da shi a bi ta kansa da turmi."

Inna Hajara ta ratso taron da ƙwaryar fura a ka. Ta kore belbela, ta duba hagu ta duba dama ba wurin ajiya, sai ta ɗora ƙwaryar a gadon bayan mijinta ta gyara mata zama.

"Hajara, mene ne wannan mai sanyi?"

"Kada ka motsa, Malam, ta Liman ce."

Daga can ƙarshen gona aka yi shewa. Mujitaba ya fita kunyarsa, ya kama ta kusa ya dawo da ita, ya iso inda Barde yake ya durƙusa, don ta haka kaɗai za su haɗa ido.

"Baba Barde, na iso."

"Ka iso ina? Ni ban fara ba. Ba a wuce wanda bai fara ba. Ranka ya daɗe, a duba doka!"

Mai Unguwa bai kai ga amsawa ba aka jiyo wata murya tana tahowa daga yamma, tana tsine-tsine tun daga nesa. Asibi ce, gwauruwar da gonarta ke kan hanya kafin a kai ta Liman, taubashiyar Labaran, wadda tun suna yara ba ta taɓa raga masa ba. Hannu ɗaya dam da yaushasshiyar shukar dawa, ɗaya hannun da sandar gora mai jan zare.

"Mai Unguwa, a bi min hakkina! Aljani ya shiga gonata!"

"Subhanallahi. Me ya yi?"

"Kunyar jikin suri, tun daga kai har gindi! Ya sare dawata tas, ya bar ciyawar harƙiya. Ba barinta kaɗai ya yi ba, har ƙasa ya tara mata a gindi, kowace da ɗan tudunta kamar 'yar gata! Sannan don wulaƙanci ya bi dawar da ya kashe ya tsattsayar min da ita. Na zo da safe na tarar da gawawwaki a tsaye!"

Idanu suka sauka kan sandar, daga nan suka koma kan bencin da ke ɗauke da fura.

"Ga sandar aljanin," in ji Asibi. Ta sunkuya ta leƙa fuskarsa. "Kai bawana, ka san ta?"

"Ban taɓa riƙe sanda ba."

"Af, ta macizai ce," in ji Hajara. "Tun safe yake nemanta."

"Hajara!"

"To me ka je yi gonata, tsohon banza?"

Labaran ya yi gyaran murya, iyakar yadda roba ta bari. "Sadaka. Na ce baiwar Allah ba ta da mai taimako."

"Da ka tsayar da matacciyar dawa, ita ma sadakar ce?"

Rufa'i ne ya fara ganewa. Ya dubi surin Liman, ya hango na Asibi, ya zauna daɓas a ƙasa ya rungume ganga. "Jama'a, tun jiya Barde ya ci gasar! A gonar Asibi!"

Dariyar da aka yi, sai da shanun Ja'e suka ɗaga kai. Wani dattijo ya ƙware da goro. Asibi ta ɗaga sanda za ta sauke masa, Hajara ta ce ta dakata tukuna, ta sauke furar Liman. Sannan ta ari lauje, ta ɗaga taguwar ta bayansa, ta ɗan taɓa robar.

Fau! Roba ta yi sama ta maƙale a reshe. Labaran ya ja wani dogon numfashi da ya biyo shi bashi tun asuba, ya kife a gefe, yana nan a lanƙwashe kamar lauje. Mutum huɗu suka ɗauke shi yadda yake, suka kai shi gindin kaɗanya suka ajiye kan buzu.

Mai Unguwa ya yanke hukunci: in an gama ta Liman, gayya za ta wuce gonar Asibi a sake shuka kunyar. Mujitaba ya ciro garmar daga ƙasa da hannu ɗaya, ya kawo ya ajiye a gaban Labaran, ya koma gefe ya durƙusa. Labaran ya laluba ya kama tuntun, ya daɗe yana murza shi. Babu wanda ya yi dariya a nan.

"Ungo," ya ce. "Aro na ba ka. Ka riƙa shafa wa ƙotar mai, ba ta son rani."

"In sha Allahu, Baba."

Ganga ta tashi da sabon kirari, samari suka duƙa. Aka miƙo wa Labaran fura, shi aka fara ba. Ya kurɓa, ya sake kurɓa, ya ji iskar kaɗanya na bi ta wuyansa.

"Ashe nan da sanyi," ya ce.

"Shekara goma muna ajiye maka wuri," in ji dattijon da ya ƙware.

Hajara ta kwance bakin zane, ta fito da tabarau ta maƙala masa ba tare da ta tambaye shi ba. Ya ɗaga hannu zai cire, sai ya tsaya. Ga ganyen kaɗanya ɗaya-ɗaya. Ga surin Liman, ga na Asibi can nesa, ko kama ba su yi ba. Ya juyo ya dubi matar da ke tsugune a gabansa, ya daɗe yana kallo.

"Innalillahi. Hajara, yaushe kika tsufa haka?"

"Tun tuni, Malam. Kai nake ta jira ka iso."

Idris ya miƙo waya ya nuna masa hoton da ya riga ya zaga har Tudun Wada. Labaran ya ƙura ido: wani tsoho a duƙe, gemu rabi fari rabi baƙi, akuya a gaba, tsuntsuwa a baya.

"Wane ne wannan bawan Allah?"

"Kai ne, Baba."

Ya ƙara matso da wayar. Kafaɗarsa ta fara rawa, yana dariya yana cewa wayyo bayana, hawaye na wanke sauran baƙin tukunya.

"Amma ku duba tsayuwar," in ji shi. "Ko motsi babu. Wa zai iya ɗaukar tsuntsu da fura a rana guda?" Ya gyara tabarau ya hango gona, nan take fuskarsa ta canja. "Kai! Mujitaba! Wannan kunya ce ko tafiyar maciji? Koma ka gyara! Asibi, miƙo min sandata in nuna masa."

"Ta macizai?"

"Ta tsofaffi. Ku kuma matsa min, kun cika buzu." Ya dubi dattawan ɗaya bayan ɗaya ta cikin gilashi, ya girgiza kai. "Haka ake zama a inuwa? Shekara da shekaru kuna tsufa, ashe ba ku iya ba. To ku buɗe ido. Daga yau za ku ga yadda ake yinsa."